Kallon Tsuntsaye a Kaka: Yadda Ɗumamar Yanayi Ke Sauya Mazauninsu Daga Turai Zuwa Sahel

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa Nuwamba, lokacin da sanyi ke fara kankama a Turai, mu kuma a nan ake girbin gero da dawa, dubban mutane a ƙasashen Turai da Amurka kan ɗauki madubin hangen nesa su tsaya a bakin teku ko a kan duwatsu suna ƙirga tsuntsayen da suka kama hanyar kudu. A 'yan shekarun nan labaran da ke fitowa daga wannan ƙidaya sun zama masu rikitarwa. Yau a ce an ga tsuntsun ƙasar zafi ya yi sheƙa a Ingila, gobe a ce tsuntsayen da suka saba zuwa Afirka sun rage kwanakin da suke yi a nan, jibi kuma a ce adadin tsuntsayen Turai ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai karatu na iya tambaya: shin ɗumamar yanayi taimakon tsuntsaye take yi ko hallaka su? Amsar ta danganta da irin tsuntsun da ake magana a kansa da kuma nisan tafiyarsa, kuma rabinta tana nan cikin fadamun Sahel da itatuwansa.

## Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Idan masana suka ce mazaunin tsuntsu, suna nufin dukan yankin da ake samun wani nau'i a kai a kai. Tsuntsu mai ƙaura yana da mazauni kashi uku: inda yake sheƙa ya ƙyanƙyashe 'ya'ya, inda yake cinye watannin sanyi, da kuma zangunan da yake sauka ya ci abinci a tsakani. Kowanne daga cikin ukun yana iya matsawa ba tare da sauran sun matsa ba.

Sauyin mazauni ya bambanta da sauyin lokaci, wato tsuntsu ya ci gaba da zuwa wurin da ya saba amma ya iso da wuri ko a makare. Dukansu kuma sun bambanta da ɓatan hanya. Iska mai ƙarfi kan kaɗo ɗan tsuntsu daga Amurka ko Sibiriya ta yar da shi a wani tsibiri na Birtaniya, jama'a su yi dafifi domin ganinsa, amma tsuntsu ɗaya da ya ɓata ba hujja ba ce. Ba a cewa mazauni ya sauya sai an ga nau'in yana dawowa shekara bayan shekara, yana haihuwa ko yana cinye hunturu a sabon wurin.

## Dalilin da ya sa kaka ce lokacin ƙidaya

A kaka ne tsuntsaye suka fi yawa a sama, domin iyaye da 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekarar duk suna kan hanya. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke tsallaka Bahar Rum da hamadar Sahara a kowace kaka. Mafi yawansu da dare suke tafiya, ba a ganinsu sai sun sauka. Manya irin su shaho da shirwa da farar shamuwa kuwa da rana suke tafiya, suna dogara da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ta ɗaga su sama. Tunda irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, sai su tattaru a inda ruwan ya fi ƙunci. Shi ya sa masu ƙidaya ke taruwa a Falsterbo da ke Suwidin, da mashigin Jibralta mai faɗin kimanin kilomita 14, da mashigin Bosforus na Turkiyya, da birnin Batumi na Jojiya, inda tun 2008 masu aikin sa kai ke ƙidaya, kuma adadin tsuntsaye masu farauta da ke ratsawa kan haura miliyan ɗaya a kaka guda.

Wannan ilimi bai daɗe sosai ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz na Jamus da mashin Afirka a maƙale a wuyanta, abin da ya zama shaida ƙarara cewa nahiyarmu suke zuwa. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Cornelius Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da har yau ake amfani da ita. A 1900 aka fara ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti a Amurka. Yau akwai ƙananan na'urorin bin sawu ta tauraron ɗan Adam, da manhajar eBird da Jami'ar Cornell ta ƙaddamar a 2002, wadda kowa ke iya shigar da abin da ya gani. Darajar waɗannan bayanai tana cikin tsawon shekarunsu, domin sauyin mazauni abu ne mai tafiyar hawainiya wanda ba a gane shi a shekara biyu ko uku.

## Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce tun daga shekarun 1980 nahiyar Turai tana ɗumama da saurin da ya ninka matsakaicin duniya kusan sau biyu. Tsuntsaye sun bi sawu, amma a hankali. Wani bincike na 1999 ya gano cewa iyakar arewa ta mazaunin tsuntsaye da dama a Birtaniya ta matsa da kimanin kilomita 19 cikin shekara 20. Babbar taswirar tsuntsayen Turai ta biyu, wadda ta fito a 2020 bayan aikin masu sa kai kimanin 120,000, ta nuna matsakaicin matsawa ta kilomita 28 zuwa arewa cikin shekara 30. A Amurka, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ta nazarci nau'i 305 a 2009, ta tarar fiye da rabinsu sun karkatar da wurin hunturunsu zuwa arewa cikin shekara 40.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne balbela. A 2008 ta yi sheƙa a yankin Somerset na Ingila a karon farko a tarihi, kuma yanzu ganinta tana bin shanu a kudancin ƙasar ya daina zama abin mamaki. Kafin ita, ƙaramin farin zalɓe ya fara haihuwa a can a 1996. Sanyin hunturu mai tsanani ne ke kashe irin waɗannan tsuntsaye a da, sassaucinsa kuma ya buɗe musu ƙofa.

Alƙalumin da ya fi ɗaga hankalin masana shi ne na wani bincike da aka wallafa a 2012. Tsakanin 1990 da 2008, yanayin zafi a Turai ya matsa arewa da kimanin kilomita 249, amma jama'ar tsuntsaye sun matsa da kilomita 37 kacal. Ke nan an bar su a baya da fiye da kilomita 200, suna zaune a wuraren da suka fi zafin da suka saba da shi. Waɗanda ke zaune a kan tsaunuka ko a ƙurewar arewa ma ba su da wurin matsawa. A wani tsauni na ƙasar Peru, masu bincike da suka koma a 2017 sun tarar rabin nau'o'in da aka samu a ƙololuwarsa kaɗai a 1985 sun ɓace daga wurin.

## Masu gajarta tafiya da masu doguwar hanya

A nan ne al'amarin kaka ya fi sarƙaƙiya. Tsuntsayen da ƙaurarsu ba ta wuce cikin Turai ba suna iya lura da yanayi su yanke shawara. Idan tafkunan Suwidin da Finlan ba su daskare ba, agwagin ruwa ba su da dalilin ƙarasawa Faransa ko Ailan, sai su tsaya a rabin hanya. Wata babbar farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya da ke fitowa daga arewacin Rasha ta ja wurin hunturunta zuwa gabas da kimanin kilomita 13 a kowace shekara tun 1970, har masu jiranta a Ingila da Holan suka riƙa ganin raguwa. Mai kallo a Ingila zai ce tsuntsuwar tana ƙarewa, na Jamus kuma ya ce tana ƙaruwa, alhali wani ɓangare na abin da suke gani canjin wurin zama ne kawai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙidayar ƙasa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Masu tsallaka Sahara ba su da wannan sauƙi. Tsuntsun da ke cikin dazuzzukan Afirka ta Yamma a watan Maris ba shi da hanyar sanin ko bazara ta shigo da wuri a Holan, domin tsawon rana da agogon da aka halicce shi da shi ne ke tayar da shi. A can kuwa ɗumi ya sa itatuwa na tohuwa da wuri, tsutsotsin da ake ciyar da 'yan tsaki da su na fitowa da wuri. Wani bincike na 2006 a kan wani ɗan tsuntsu mai fari da baƙi da ke cin ƙwari ya nuna cewa a dazuzzukan Holan inda tsutsa ta fi saurin fitowa, adadinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 cikin shekara 20, saboda lokacin da 'ya'yansa ke buƙatar abinci, yalwar ta riga ta wuce.

Bayanan kaka ma ba su tafi baki ɗaya ba. A wata mashiga ta tsaunukan Suwizalan da ake kira Col de Bretolet, nazarin shekara 42 da aka wallafa a 2003 ya nuna masu doguwar tafiya sun fara wucewa da wuri, masu gajeriyar tafiya kuma sun fara jinkiri. Masu binciken sun danganta gaggawar na farkon da buƙatar su riski Sahel kafin danshin damina ya ƙafe. Sai kuma a 2021 masana daga Jami'ar Durham, bisa bayanan Gambiya da Jibralta, suka ba da rahoton cewa wasu nau'o'i sun rage zaman da suke yi a Afirka kowace shekara da kimanin kwana 50 zuwa 60 idan aka kwatanta da shekarun baya, suna isowa a makare suna komawa da wuri. Binciken biyu sun duba wurare daban da zamani daban, kuma tsuntsun da ya bar Suwizalan da wuri yana iya daɗewa a Sifaniya ko Maroko kafin ya tsallaka. Kanun labaran da suka ce tsuntsaye sun daina zuwa Afirka sun zarce abin da binciken ya tabbatar, domin hasashe ne na abin da zai iya faruwa ga wasu nau'o'i idan lamarin ya ɗore.

## Ɗumama ce kaɗai?

Masana sun kasu a kan girman rawar da zafi ke takawa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ɓangare na farko yana nuni da cewa matsawar tana fuskantar arewa da saman tsaunuka a nahiyoyi daban-daban, abin da ke da wuya a bayyana shi da wani dalili in ba zafi ba. Daga nan suke gina hasashe: masana a Durham sun ƙiyasta a 2007 cewa idan zafi ya ƙaru da digiri 3, yankin da ya dace da matsakaicin tsuntsun Turai zai matsa kimanin kilomita 550 zuwa arewa maso gabas kafin ƙarshen wannan ƙarni, ƙungiyar Audubon kuma ta ce a 2019 nau'i 389 cikin 604 na Arewacin Amurka za su shiga haɗari a irin wannan ƙari.

Ɓangare na biyu ba ya musun ɗumama, amma yana jan hankali ga abin da hannun mutum ke yi kai tsaye. A Fotugal, fararen shamuwa da ke cinye hunturu a gida sun ƙaru daga 1,187 a 1995 zuwa kimanin 14,000 a 2015, kuma na'urorin bin sawu sun nuna cewa a manyan jujin shara suke samun abinci. Wani ɗan tsuntsu mai baƙar hula da ke haihuwa a Jamus da Ostiriya ya fara zuwa Birtaniya hunturu tun shekarun 1960 maimakon Sifaniya, kuma abincin da mutane ke zuba wa tsuntsaye a lambunan gidajensu yana cikin abin da ya riƙe shi. Ita kanta balbela ta tsallaka Tekun Atilantika zuwa Kudancin Amurka tun ƙarni na 19, ta bazu tana bin garken shanu, tun kafin ɗumamar da ake magana a kanta yanzu. Wani nazari na 2023 a kan taswirorin Turai biyu ya gano cewa sauyin yanayi bai bayyana da kyau wuraren da tsuntsaye suka shiga ko suka bari ba, kusanci da inda 'yan uwansu suke ya fi tasiri.

Game da raguwar adadi, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi. Babban bincike na 2023 ya nuna tsuntsayen Turai sun ragu da kashi 25 cikin 100 tsakanin 1980 da 2016, na gonaki kuma da kashi 57, ya kuma ɗora babban alhaki a kan noman zamani mai yawan maganin ƙwari da takin zamani. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta ƙiyasta a 2015 cewa ana kashe tsuntsaye kimanin miliyan 25 ba bisa doka ba a kowace shekara a ƙasashen Bahar Rum. Da Faransa da Sifaniya da Fotugal suka dakatar da harbin kurciyar Turai a 2021, adadinta a hanyar ƙaura ta yammacin Turai ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu cikin shekara biyu. Fahimtar da ta fi dacewa da shaidu ita ce cewa zafi yana nuna alƙiblar da tsuntsaye za su bi, yanayin ƙasa da abinci da farauta kuma su ke yanke ko za su iya bi su rayu.

## Rabin labarin da ke Sahel

Turawa sun fara fahimtar nauyin Sahel ne a bazarar 1969, lokacin da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika shingayen gonakin Birtaniya, ya dawo da raguwar kusan kashi uku cikin huɗu. Bincike ya kai ga ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968, mafarin farin da ya kai ga yunwar shekarun 1970. Farin da ya kashe shanun makiyaya shi ya kashe tsuntsayen. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa zuwa shekarun 1980. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo, wasu nau'o'in ma suka farfaɗo tare da shi, sai dai ruwan yana zuwa da tsanani da rashin tabbas.

Tsuntsun da ya ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000 yana isowa ne ya ƙone kitsen jikinsa, kuma wurin farko da zai samu ruwa da abinci shi ne fadamu irin na Haɗeja zuwa Nguru, da gaɓar Tafkin Chadi, da ambaliyar Kogin Neja a tsakiyar Mali, da Djoudj a Senegal. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da dausayi a 2000, Dagona da Baturiya kuma suka biyo a 2008. Amma girman ambaliyar da ke cika waɗannan fadamu ya dogara da madatsun Tiga, wanda aka kammala a 1974, da Challawa na 1992, kamar yadda ya dogara da ruwan sama. Sauyin da madatsun suka kawo wa gudun ruwa ya taimaka wa kacalla ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi.

Ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari kuwa itatuwa suke nema, kuma ba kowace bishiya ba. Masu bincike 'yan Holan da suka ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya a faɗin Sahel sun tarar sun fi taruwa a kan 'yan nau'o'i masu ƙaya, ciki har da gawo da aduwa. Gawo yana fitar da ganye da fure ne da rani, daidai lokacin da baƙin ke nan. Saboda haka aikin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, na barin tohon itatuwa a gona su girma, wanda aka ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, yana da tasiri a kan adadin tsuntsayen da mai kallo zai ƙirga a Jibralta, ko da yake manoman sun yi shi ne domin amfanin gonarsu da abincin dabbobinsu.

## Abin da zai iya shafar jama'a

Ga manomi, abu na farko shi ne ƙwari. Farar shamuwa da wasu nau'o'in shaho da ke zuwa daga Turai suna rayuwa a kan fara da babe a watannin rani, don haka raguwar kwanakinsu a Sahel raguwa ce ta masu cin farar kyauta. Ya kamata a bambance su da jan baki, wanda ke wa manoman shinkafa da gero ɓarna a Jigawa da Yobe da Kebbi. Jan baki ɗan Afirka ne, ruwan sama da tsabar ciyawa yake bi, kuma kacalla na ba shi mafaka. Feshin da ake yi masa daga jirgin sama yana iya kashe wasu tsuntsayen da ba su da laifi. Ita ma shamuwar da muka sani, mai sheƙa a itatuwan cikin gari, ƙaurarta cikin Afirka take, tana zuwa da faɗuwar damina ta tafi kudu da gabas a ƙarshenta. Tunda ruwa take bi, duk sauyin da ya taɓa lokacin saukar ruwa zai taɓa lokacin zuwanta.

Abu na biyu shi ne lafiya. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma tun lokacin ake muhawara a kan kason tsuntsayen daji da na cinikin kaji wajen yaɗa ta. Shaidu sun nuna hanyoyin biyu duk suna aiki, kuma sauyin wuraren da agwagin daji ke sauka yana sauya wuraren da ya kamata likitocin dabbobi su sa ido. Masu kiwon kaji da agwagi kusa da fadama su ne suka fi buƙatar raba dabbobinsu da ruwan da tsuntsayen daji ke sha.

Na uku shi ne doka da kuɗi. An shata iyakokin wuraren kariya bisa inda tsuntsaye suke a lokacin shatawar, kuma tallafin ƙasashen waje da kuɗin 'yan yawon buɗe ido kan bi waɗannan wurare. Idan tsuntsaye suka koma wata fadamar da ba ta cikin kariya, za a taso da batun sake shata iyaka, wanda ke taɓa masunta da makiyaya da masu noman rani kai tsaye. Irin wannan shawara tana buƙatar ƙidaya ta cikin gida mai tsawon shekaru. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun 2001, ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda masu sa kai, ciki har da matasan Arewa, ke shigar da abin da suka gani ta waya. A kowane watan Janairu kuma ana gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin wuraren da ake ƙirgawa.